Sakacin Asibiti: Shekara Biyar Ba Ta Jiran Sulhu

A cikin watan Nuwamba na 2017 ne naƙuda ta kama matar ƙanina da tsakar dare. Ungozomar ƙauyenmu ta yi iyakar ƙoƙarinta, da ta ga abin ya fi ƙarfinta ta ce a nemo mota. Aka ɗauke ta a bayan boksi zuwa wani asibitin gwamnati, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin har yanzu maganar tana gaban shari'a. Aka yi mata tiyata aka ciro ɗa namiji lafiyayye, ranar suna muka yanka rago, kowa ya yi murna. Mai jego kuwa tun daga ranar ba ta sake jin daɗin cikinta ba. Tsofaffi suka ce ai haka jego yake, a ƙara mata kunun kanwa da ruwan zafi. Sai a ranar 10 ga Maris na 2018, bayan ta rame ta zama kamar ba ita ba, aka sake buɗe cikin a wani asibiti dabam, likita ya fito da ƙyallen tiyata, wanda ake kira shash, da aka manta a ciki. Ya riga ya ruɓar da wani sashe na hanjinta, tilas aka yanke. Yau shekarunta ba su kai arba'in ba, amma ba ta iya sunkuyawa tsinkar auduga, balle ɗaukar jarkar ruwa daga tur'a.

Dalilin da ya sa na kawo labarin gidanmu a wannan shafi shi ne, na san a ƙauyukanmu na Jazira da Sinnar da Nil Azrak, tun daga kanabin da ke bakin hawashoshi har Mai Wurno da Rusairis, da wuya a rasa gidan da ke da irin wannan miki. Mun yi kurakurai biyu, ɗaya a kan lokaci, ɗaya a kan takarda, kuma da wani ya gaya mana tun da wuri da ba mu yi su ba.

Da farko ba wanda ya yi zancen kotu. Surukin ƙanina, dattijo mai haƙuri, cewa ya yi: "Ɗana, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Tun da ta rayu, mu gode." Ba wanda ya musa masa. Amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mai sakaci nauyinsa, kuma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan. Ibnu Rushdi, wanda ya rasu a 1198, ya kawo a cikin Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan likitan da ya yi kuskure diyya ta hau kansa. Da liman ya faɗa wa dattijon haka, sai ya yarda a nemi haƙƙi, amma ta hanyar sulhu, watau judiyya, kamar yadda aka saba. Aka tura manya. Aka sha shayi, aka yi alkawari, aka ɗaga zama zuwa bayan girbi. Daga nan ƙasa ta rikice da zanga-zanga har gwamnatin Bashir ta faɗi a Afrilun 2019, sai kuma cutar korona ta rufe ko'ina a 2020. Kafin mu farga shekara huɗu ta wuce, ba sulhu ba ƙara.

Ni ba na kushe sulhu. Sau da yawa ya fi kotu sauri, ya fi ta araha, ga kuma rufin asiri. Abin da ba mu sani ba shi ne, duk tsawon lokacin da manya suke kai da kawowa, akwai ranakun da ake lasafta mana a wani wuri.

Dokar Mu'amalat ta 1984, wadda ita ce ke hukunta haƙƙoƙi tsakanin mutane a ƙasar nan, ta ce a sashe na 138 duk wanda aikinsa ya jawo wa wani cuta wajibi ne ya biya. Ta kuma ambaci cutar da ake yi wa mutum ta hanyar aiki ko sana'a, ta kawo ba da maganin da ba daidai ba da tiyatar sakaci a cikin misalanta. To amma sashe na 159 ya sa wa'adi: ba a sauraron ƙarar neman diyyar cuta bayan shekara 5 daga ranar da wanda aka cuta ya san cutar ta auku, ya kuma san wanda ke da alhakinta. Ko ya sani ko bai sani ba, idan shekara 15 ta cika daga ranar da aka aikata abin, ƙofa ta rufe.

Mai karatu ya lura da kalmar nan, "ba a sauraro". Dokar ba ta ce haƙƙin ya mutu ba. Wannan salo ya samo asali ne daga fiƙihu, inda tsufan zamani ba ya kashe haƙƙi tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma mai mulki yana iya hana alƙali sauraron ƙarar da aka bari ta tsufa. Haka Daular Usmaniyya ta tsara a kundinta na Majalla, inda ta sa shekara 15, haka kuma dokar Urdun ta 1976, wadda masu tsara tamu suka ɗebo da yawa daga cikinta. Ga mai jinya dai duk ɗaya ne: haƙƙin da alƙali ba zai saurara ba sai a Lahira.

Idan aka duba maƙwabta, shekara biyar ɗinmu ba ta yi kaɗan ba. A Masar shekara 3 ce daga ranar sani. A Ingila ma shekara 3 ce ga raunin jiki. 'Yan'uwanmu na Kano da Sakkwato sun fi kowa shiga matsi, domin a Nijeriya akwai wata tsohuwar doka tun ta zamanin Turawa da ta ba da wata 3 kacal a kai ƙarar ma'aikacin gwamnati kan abin da ya yi a bakin aikinsa. Illar dogon wa'adi ita ce yana sa mutum ya miƙe ƙafa.

A watan Yuni na 2022 ƙanina ya gaji, ya sayar da buhun dawa biyu ya tafi gari. Bai je wurin lauya ba, domin a ganinsa muhami na masu kuɗi ne. Ya zauna gaban ɗaya daga cikin masu rubuta arida da ke ƙofar kotu a inuwar dogonyaro, waɗanda ake kira ardahalji, ya ba shi labari da Larabcinsa na kasuwa, shi kuma ya rubuta abin da ya fahimta. Ban ga laifin mutumin ba, ya rubuta abin da aka gaya masa ne, kuma ladarsa ba ta kai kuɗin motar zuwa gari ba. Amma wannan takarda mai shafi ɗaya, ita ce harsashin da duk shari'ar za ta zauna a kai, kuma wurare uku ta karkace.

Na farko abin dariya ne in ba don ya ci mana zama guda ba. Daren da aka kai ta asibiti, surukarta ce ta ba da suna a wurin rajista, kuma kowa ya san tsohuwar Bahaushiya ba ta kama sunan da ya yi daidai da na mijinta ko na ɗan farinta. Sai ta ba da laƙabin da ake kiran yarinyar da shi a gida, ta haɗa da sunan kakanta. Fayil ɗin asibiti ya fito da suna ɗaya, takardar raƙam watani da wani, arida kuma da na uku. Irin wannan gyara ba shi da wuya. Alƙali ya ji shaidu biyu, ya ba da izini aka daidaita, domin ba wanda ya ruɗe a kan wace ce aka yi wa tiyata.

Na biyu shi ne kuɗin da aka nema. Ardahalji ya tambayi ƙanina nawa ya kashe, ya tara rasiɗan magani da na tiyata ta biyu ya rubuta jimlarsu, shi ke nan. Bai rubuta hanjin da aka yanke ba, bai rubuta ƙarfin aikin da ta rasa har abada ba. Ƙanina ma ya ji daɗin ƙanƙantar adadin, saboda kuɗin kotu gwargwadon abin da ka nema ne ake yanka maka. Bai san cewa doka ta ba matalauci damar roƙon a ɗauke masa kuɗin ba. Bai kuma san wata ƙa'ida mai tsanani da ke cikin Dokar Ijra'at ta 1983, wadda ta tsara yadda ake tafiyar da ƙara, ba: wajibi ne ƙararka ta ƙunshi duk abin da kake bi a kan sababi guda. Abin da ka bari a baya ba ka da ikon dawowa gobe ka buɗe masa sabuwar ƙara. Ƙari a kan haka, rasiɗan na 2018 ne, lokacin da fam yake da sauran daraja. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya shi daga 55 zuwa 375 a dala guda, hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin ɗari. Adadin da ya cinye mana shanu biyu a 2018, ranar da aka rubuta shi a arida bai isa sayen tunkiya ba.

Na uku shi ne mai kisa. Likitan da ƙanina ya sani shi ne wanda yake duba matar a iyadarsa ta cikin kasuwa tun cikin yana wata huɗu, shi ne kuma ya ce in naƙuda ta zo a kai ta asibitin da yake aiki. A zatonmu duka shi ya yi tiyatar. Wa zai tambayi sunan mutumin da ya rufe fuska da tsakar dare, alhali matarka tana tsakanin rai da mutuwa? Sunansa aka sa a arida, shi kaɗai. A watan Disamba na 2022 lauyansa ya kawo amsa a rubuce, tare da jadawalin aikin asibiti: daren nan ba ya bakin aiki, wani likita dabam ne ya yi tiyatar. Ya ƙara da cewa ko da shi ne, ƙarar ba ta bi hanya ba, domin Dokar 1983 ta hana kai ƙarar wata hukumar gwamnati, ko ma'aikacinta kan abin da ya shafi aikinsa, sai an sanar da Ma'aikatar Shari'a a rubuce an kuma jira wata biyu, in ba ita ce ta ba da izini kafin nan ba.

Ranar ƙanina ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ya ce mini: "Yaya, ashe shekara biyar ina jin haushin mutumin da bai taɓa ta ba."

Sai a lokacin muka haɗa kuɗi muka ɗauki lauya, a ƙarshen Janairun 2023. Ya karanta takardun, ya ɗauki biro ya rubuta 10 ga Maris a bayan ambulan, ya ce: "Ya Hajj, da kun zo mini da wata uku da suka wuce da na yi barci. Yau zan aika da sanarwa, amma wata biyun za su cika ne bayan wannan rana." Haka kuwa aka yi. Roƙonmu na gyara arida, da shigo da likita na biyu da hukumar da ke da asibitin, ya shiga ne a farkon Afrilu, kimanin mako uku bayan cikar shekara biyar daga ranar da aka ciro shash.

A nan ne ya kamata in bayyana yadda gyaran takarda yake a kotunanmu. Kafin ɓangarorin biyu su gama musayar takardunsu akwai sauƙi. Bayan an gama, ba mai gyara tasa sai da izinin alƙali, shi kuma yana duba ko adalci ba zai tabbata ba sai da gyaran, ko kuwa wani haƙƙi bayyananne zai salwanta in an hana. Wannan tsari gado ne. Dokar 1983 jika ce ga dokokin da Ingilishi suka kafa a nan a 1900 da 1929, waɗanda su ma daga Indiya aka kwaikwayo su. Shi ya sa har yau tsofaffin lauyoyi sukan tuna da wata shari'a da aka yi a Ingila a 1887, ta Weldon da Neal. Wata mata ta kai ƙara a kan ɓata suna, daga baya ta so ta cusa wasu zarge-zarge, har da na tsare ta ba bisa haƙƙi ba, waɗanda wa'adinsu ya riga ya wuce. Kotun ɗaukaka ƙara ta hana, bisa hujjar cewa gyara yana komawa ne ya zauna a ranar da aka fara shigar da ƙara, saboda haka in an yarda da shi an ƙwace wa wanda ake ƙara garkuwar da doka ta riga ta ba shi. Daga baya Ingila ta sassauta, dokarta ta 1980 ta yarda a ƙara sabon zargi in ya fito daga ainihin abubuwan da aka riga aka faɗa a ƙarar farko. Amma shigo da sabon mutum bayan wa'adi, can ma ƙofarsa ƙunci gare ta.

Lauyan gwamnati a kan wannan tunani ya tsaya. Ya ce ƙarar da aka shigar a Yunin 2022 ta wani mutum ce dabam, ba ta taɓa hukumarsa ba, ranar da aka shigo da su ita ce ranarsu ta farko, ita kuwa ta zo bayan shekara biyar. Ya ce kuma ba yadda za a yi mu ce ba mu san asibitin ba, tun da da ƙafarmu muka shiga.

Namu lauyan ya koma kan lafazin sashe na 159. Ya ce sani biyu doka ta ambata, sanin cuta da sanin mai alhakinta, kuma ba a fara lissafi sai sun haɗu. Cuta mun san ta a Maris 2018. Wanda ya yi ta kuwa ba mu san shi ba sai Disamban 2022, daga bakin lauyan abokin shari'armu, kuma asibitin da ke riƙe da jadawalin bai taɓa nuna mana shi ba duk tsawon zaman sulhu. Game da ƙarin diyyar hanji, ya ce ba sabon sababi ba ne, shash ɗin nan ne dai guda, tiyatar nan ce dai guda, adadi kawai ake gyarawa.

A nawa ganin, na wanda ba lauya ba, hujjarmu a kan likita na biyu tana da ƙarfi, haka ma a kan ƙarin diyya. A kan hukumar kuwa ƙafarmu ɗaya a rami take, domin gaskiya ne mun san ƙofar da muka shiga. Abin takaicin shi ne hukumar ce ke da abin biya. Doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci alhakin cutar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki, matashin likita mai albashin gwamnati kuwa ko an yi nasara a kansa me za a samu? Da ardahalji ya ƙara layi ɗaya a 2022, ya sa sunan hukumar kusa da na likitan, aka kuma aika da sanarwa tun lokacin, da duk wannan jayayya ba ta taso ba.

Wani maƙwabcinmu ya tambaye ni me ya hana mu zuwa Majalisar Likitoci ta Sudan. Ita ce ke rajistar likitoci da ladabtar da su, tana karɓar koke, tana iya yi wa likita gargaɗi ko ta dakatar da shi ko ta soke sunansa, kuma ra'ayin ƙwararrunta yana da nauyi a gaban alƙali. Kai koke can abu ne mai kyau. Sai dai majalisar ba kotu ba ce, takardar da ka ajiye a ofishinta ba arida ba ce. Haka ma buɗe balagi wurin 'yan sanda da cika Urnik 8, wannan hanyar laifi ce, mai nata dokoki da nata wa'adi. Wanda ya bi ɗaya daga cikinsu ya zauna yana jiran sakamako shekara da shekaru, kada ya ɗauka ya tsayar da lissafin shekara biyar ɗin nan.

Ba a kai ga yanke hukunci a kan roƙonmu ba. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu na 2023, aka yi ta ɗaga zama, har wutar ta iso yankinmu. Masu karatu ba su bukatar in tuna musu: Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, sojoji suka koma Sinja a Nuwamban 2024, Madani kuma ranar 11 ga Janairu na 2025. Mutanenmu na Rusairis da Ganis da Wad al-Mahi sun riga kowa ɗanɗana gudun hijira tun rikicin 2022. A cikin waɗannan shekaru asibitoci nawa aka wawashe, ɗakunan ajiyar fayil nawa suka zama toka? Duk wanda aka yi wa aikin sakaci a 2021 ko 2022, ya kuma gane tun a lokacin, ya zauna ya ƙirga da yatsunsa, zai ga shekarunsa biyar suna ƙarewa ne a 2026 da 2027, rabinsu kuma a hanya ya cinye su. Lauya yana iya kawo uzurin yaƙi gaban alƙali, hujja ce mai kama hankali, amma hujja ce da abokin shari'a zai yi jayayya a kanta. Wanda ya shigar da ƙararsa cikin wa'adi bai bukatar ta.

Saboda haka ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da irin wannan magana. A ci gaba da sulhu in ana so, amma a shigar da ƙara tana jira, in an daidaita janye ta ba wuya. Tun kafin a bar asibiti a nemi takardar sallama, a tambayi sunan wanda ya yi aikin da hannunsa, ko da nas ce za ta raɗa maka. A tabbatar sunan da ke fayil shi ne na takardar raƙam watani, kunya ta dakata a bakin ƙofa. In asibitin na gwamnati ne, a cire wata biyu na sanarwa daga lissafi tun farko, har da ƙarin wata guda na jeka-ka-dawo. Arida kuma, ko da ardahalji ne ya rubuta, a biya lauya kuɗin zama ɗaya ya karanta ta kafin ta shiga. Kuɗin da muka ƙi biya a 2022 mun biya ninkinsa goma a 2023.

Da kotun da ke sauraron ƙararmu ta sake buɗewa, an nemi fayil ɗinmu sama da ƙasa ba a gan shi ba. Allah ya sa daren da muka gudu, matar ƙanina, ita da ba ta iya karatu, ta buɗe akwatin ƙarfenta ta zare takardun da ke ƙarƙashin zannuwa ta cusa a cikin zanen goyo. A cikinsu akwai kwafin arida ta farko mai hatimin kotu da kwanan watan Yunin 2022, da rasiɗin kuɗin kotu, da rahoton likitan da ya ciro shash, da amsar nan ta Disamba mai ɗauke da jadawali. Da su lauya yake neman a sake gina fayil ɗin. A bayan tsohon ambulan ɗin nan, ƙarƙashin 10 ga Maris da ya soke da biro, ya rubuta wa ƙanina wasu ranaku biyu: Disamba 2027, in alƙali ya karɓi lissafinmu a kan likita na biyu, da Nuwamba 2032, ranar da shekara goma sha biyar za ta cika. Yaron da aka ciro daren nan ya shiga makaranta, shi ne ma yake karanta wa uwarsa lambobin.